Amsoshin Tambayoyinku: Fayilolin Ginin Kompaila, Me Za a Zaɓa, Me Za a Saya?

Wasiƙu uku na ɗauko a wannan makon, duka daga masu kula da fayilolin gini na kompaila. Ga wanda bai saba da harkar ba, kompaila ita ce manhajar da ke juya abin da mai shirya manhaja ya rubuta zuwa yaren da na'ura ke ganewa. Fayilolin gini kuwa su ne ke leƙa kwamfutar da aka sauke aikin a kanta, su gano wace iri ce da kayan da ke cikinta, sannan su tsara yadda za a harhaɗa komai. Aiki ne da ba a cika tunawa da mai yin sa ba sai ranar da ya lalace, shi ya sa nake ganin girman masu riƙe da shi.

Tambaya ta farko: Assalamu alaikum Malam. Mu shida ne muke aikin sa kai a kan wata ƙaramar kompaila ta yaren C. Wanda ya rubuta mana configure.ac, babban fayil ɗin gininmu na tsarin Autotools, ya bar aikin shekara uku da suka wuce, yanzu kula da shi ya faɗo hannuna. Tana ginuwa a Linux da FreeBSD da macOS, amma a Windows sai ta hanyar MSYS2 mai kwaikwayon muhallin Unix, masu Visual Studio, manhajar Microsoft ta rubuta kod, kuma suna ta ƙorafi. Abokan aikina sun rabu biyu, wasu na son mu koma tsarin gini na CMake, wasu na Meson. In tumɓuke Autotools ɗin ne?

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Kafin ka tumɓuke komai, ka ware sati biyu ka karanta configure.ac ɗin nan layi bayan layi, tare da tarihinsa a git, ma'ajiyar da ke riƙe da kowane canjin da aka yi wa kod. Mafi yawan layukan da za su yi maka kama da shirme tabon wani ciwo ne: wata rana gini ya faɗi a hannun wani mai Solaris ko tsohuwar FreeBSD, aka ƙara gwaji guda don shi. Ka rubuta kowane gwaji a takarda da dalilinsa. Wanda na'urarsa ta daina amfani ka soke shi, wanda har yanzu ake buƙata ka sa masa alama. Takardar nan ita ce dukiyar da ka gada, kuma ko wane tsari ka zaɓa da ita za ka tafi.

Autoconf, ginshiƙin Autotools ɗin, tsoho ne, David MacKenzie ya fara shi a 1991, amma da tsohuwar zuma ake magani. Ƙarfinsa shi ne mai saukar da aikinku ba ya buƙatar komai sai kayan Unix na yau da kullum irin su sh da make, kuma har yau a kansa GCC, kompailar GNU, ke tafiya. Rauninsa shi ne daidai abin da ke damunku: an yi shi ne don duniyar Unix, ba ya zama lafiya da Visual Studio.

Tsakanin biyun da kuke gardama a kai, ni CMake zan ce ku ɗauka, amma bari in ba Meson haƙƙinsa tukuna. Rubutunsa ya fi daɗin karantawa nesa ba kusa ba, yana aiki da kompailar Microsoft, kuma manyan ayyuka sun amince da shi: QEMU, manhajar kwaikwayon na'urori, ta koma kansa a 2020, PostgreSQL, manhajar ajiye bayanai, ta karɓe shi a fitowa ta 16 a 2023. Akwai ma wani abu da ya shafe ku kai tsaye. Ginin kompaila na da na'urori uku a lissafi: wadda ake gini a kanta, wadda kompailar za ta zauna ta yi aiki a kanta, da wadda za ta fitar wa kod. Autoconf na da --build da --host da --target, Meson ma ya san ukun da sunayensu. CMake biyu kawai ya sani, ta ukun kai za ka ƙirƙira mata suna, kamar yadda LLVM, babban aikin kayan ƙera kompaila, ta yi da LLVM_DEFAULT_TARGET_TRIPLE.

To me ya sa duk da haka na ce CMake? Masu ƙorafinku mutanen Visual Studio ne, ita kuma tana buɗe aikin CMake kai tsaye. Na biyu, Meson na buƙatar Python 3 a kowace na'urar da za a yi gini, kompaila kuwa sau da yawa ita ce abu na farko da ake son kafawa a na'urar da babu komai a cikinta. Na uku, in har wata rana kuka jingina da ɗakunan kod na LLVM, da fayilolin CMake suke zuwa. Idan babu ɗaya daga cikin ukun nan da ya shafe ku, ɗauki Meson hankalinka kwance.

Yadda za a yi ƙaurar ya fi zaɓin kansa muhimmanci. LLVM ta ɗauki shekaru tana riƙe da tsarin biyu, ta sanar a fitowa ta 3.8 cewa na Autoconf na kan hanyar tafiya, sannan ta cire shi a 3.9, duka a 2016. Ku yi koyi da wannan: sabon ya tashi kusa da tsohon, ku gina da kowanne a na'ura guda, ku kwatanta config.h ɗin da suka fitar, wato fayil ɗin da ke ɗauke da sakamakon gwaje-gwajen, har sai babu bambancin da ba ku san dalilinsa ba. Amma ku tsayar da fitowar da za a binne tsohon tun yau, ku rubuta ta. Na taɓa aiki a inda aka bar tsarin biyu babu wa'adi. Duk wanda ya ƙara fayil sai ya sa shi a ɗaya ya manta ɗayan, muka shekara muna gyaran abin da mu muka ɓata.

Abu biyu za su ba ka wahala, gara ka san su tun yanzu. Duk gwajin da sai an kunna ƙaramar manhaja kafin a san amsarsa, wato AC_RUN_IFELSE a Autoconf ko try_run a CMake, ba zai yi aiki ba idan kana gina wa wata na'ura daban, don kwamfutarka ba za ta iya kunna abin da aka yi wa furosesar ARM ba. Ka mayar da su gwajin da harhaɗawa kawai ke ba da amsa duk inda zai yiwu. Sannan idan kuna da ƙananan manhajojin da ke samar da kod a tsakiyar gini, irin llvm-tblgen na LLVM, dole a gina su don na'urar da ake aiki a kanta, ba don wadda ake nufa ba.

Tambaya ta biyu: Malam, ni ɗaliba ce a Kano, ina taimakawa da gyaran fayilolin CMake na wani aiki da ke kan LLVM. Laftof ɗina RAM ɗinta gigabait 8 ne, kuma duk lokacin da gini ya kusa ƙarewa sai ta daskare. Na tara ɗan kuɗi. MacBook zan saya don in riƙa gwada macOS, ko ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi don ARM, ko babbar kwamfuta tokumbo?

Malama, ki riƙe kuɗinki tukuna, mu fara da abin da ba ya cin ko sisi. Daskarewar da kike gani a ƙarshe lokacin ɗinke fayiloli ne zuwa manhaja guda, kuma nan ne RAM ke ƙarewa, musamman idan ana ɗinke manhajoji da yawa a lokaci ɗaya. Ki sa LLVM_PARALLEL_LINK_JOBS ya zama 1, ki yi amfani da Ninja, manhajar tafiyar da gini, domin da shi wannan saitin ke aiki. Ki sa LLVM_USE_LINKER ya zama lld, wannan mai ɗinkewar ya fi na GNU sauri. Ki bar ginin Debug, wanda ke cin gigabait masu yawa a faifai, ki koma Release tare da LLVM_ENABLE_ASSERTIONS. A LLVM_TARGETS_TO_BUILD ki rubuta na'urorin da kike buƙata kaɗai, misali X86 da AArch64. Ki kafa ccache, wanda ke ajiye abin da aka riga aka harhaɗa don kada a maimaita. Ranar da chaji ya ƙare a tsakiyar gini za ki gode masa. Saboda tsadar data kuma, ki sauke aikin da git clone --depth 1 idan ba tarihin kike nema ba.

In an zo saye, RAM ce ta farko. Gigabait 16 za ta fitar da ke, 32 za ta hutar da ke. Ki sa mai gyara ya buɗe laftof ɗin ya duba ko RAM ɗinta ta cirewa ce ko an like ta a allo, don da yawa daga cikin sirara na yanzu a like take. Idan ana iya ƙarawa, wannan da SSD in ba ki da shi sun wadatar, kuma za ki sami canji. Idan a like take, ki nemi tokumbo irin ta ofis wadda ke karɓar ƙari, ki gwada ta a shagon kafin ki biya. Babbar kwamfuta ta tebur ta fi ƙarfi a kuɗi ɗaya, sai dai ki haɗa kuɗin inbata da batir a lissafin, ita kuwa laftof da batirinta take tafe. Kada ki manta da ƙurar hunturu: fankar da ta toshe na sa furosesa ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, kuma gini mai tsawo shi ke fara tona wannan.

MacBook kam ban ba ki shawara ba. Idan aikin naku a buɗe yake a GitHub, GitHub Actions na ba ku na'urorin Linux da Windows da macOS kyauta, har da Mac masu furosesar Apple tun 2024. Akwai kuma cfarm, gonar na'urori da ta samo asali daga aikin GCC, inda masu aikin manhaja mai 'yanci ke neman izini su shiga na'urori irin POWER da AArch64 da RISC-V ba tare da biyan komai ba. Yawancin abin da ke karya gini a macOS ma sananne ne: bash ɗinta 3.2 ce, make ɗinta 3.81, sed -i ɗinta ba ya tafiya kamar na GNU, idan kika kira gcc a can wata kompailar mai suna clang ce ke amsawa, kuma a yadda take zuwa ba ta bambanta Parser.h da parser.h. Wannan na ƙarshe Windows ma haka take. Ranar da aka ɗora miki alhakin ɓangaren macOS gaba ɗaya, a lokacin sai ki duba Mac mini mai furosesar Apple, kada ki karɓi mai Intel komai arahar sa.

Raspberry Pi 5, wadda ta fito a 2023, ita ce ta biyu a layi bayan RAM. QEMU zai ba ki damar gwada manhajojin ARM a laftof ɗinki, kuma ya isa ga mafi yawan aikin fayilolin gini. Amma akwai kurakuran da ke ɓuya a cikinsa, musamman na manhajoji masu aiki da zare da yawa, wato masu gudanar da ayyuka da dama a lokaci ɗaya, domin furosesar x86 ta fi ARM tsanani wajen jera karatu da rubutu a RAM. A irin wannan, gani ya kori ji. Ki sayi Raspberry Pi ɗin ranar da kika fara bin sawun irin waɗannan kurakuran. Don gina LLVM a kanta kuwa za ki sha jira.

Tambaya ta uku: Malam, wani da ba mu sani ba ya turo mana gyara. Layi uku ya taɓa a configure.ac, amma fayil ɗin configure da ya sake samarwa daga gare shi da Autoconf ya canza da dubban layuka. Mu karɓa?

Ku karɓi layi ukun idan kun karanta kun gamsu, ku yi masa godiya, sannan ku sake samar da configure da hannunku. Wataƙila babu wata mugunta, fitowar Autoconf ɗinsa ce ta bambanta da taku. Saboda irin wannan ne GCC, wadda ke ajiye configure a ma'ajiyarta, ta tsayar da fitowa guda ta Autoconf da ta Automake da kowa zai yi amfani da su, ta daɗe a kan 2.69 da 1.15.1. Ku ma ku tsayar da taku, ku sa na'urar gwajinku ta riƙa sake samar da fayil ɗin tana kwatantawa da wanda aka ajiye.

Dalilin da ya sa nake tsanantawa shi ne abin da ya faru da xz, manhajar matse fayiloli, a watan Maris na 2024. Andres Freund, injiniya mai aiki a kan PostgreSQL, ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta ssh na cin lokaci fiye da ƙima, ya bi diddigi har ya gano ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, da aka dasa a xz a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Abin da ke tayar da ita na cikin wani fayil ɗin gini mai suna build-to-host.m4, wanda aka sa a ƙunshin da ake rabawa alhali wannan sigar tasa ba ta cikin git. An ɓoye shi a inda aka san idanu ba sa zuwa. A aikin xz ɗin dai, an sa ɗigo guda a cikin gwajin CMake na wata kariyar Linux mai suna Landlock, gwajin ya riƙa faɗuwa shiru, kariyar ta mutu ba wanda ya lura. Wannan ya nuna CMake ma bai tsira ba.

Gwajin da ke faɗuwa shiru ba sai da mugu yake faruwa ba. Clang 16 a 2023 da GCC 14 a 2024 sun mayar da kiran aikin da ba a gabatar da shi ba kuskure a yaren C, bayan shekaru yana matsayin gargaɗi. Tsofaffin gwaje-gwajen configure da yawa an rubuta su da wannan sakacin, sai suka fara amsa "babu" a kan abin da yake akwai, gini ya kammala lafiya amma an kashe wani ɓangare na manhajar. Don haka ku ajiye config.h da config.log na kowace na'ura daga ginin da kuka tabbatar da lafiyarsa. Duk lokacin da aka taɓa fayilolin gini ko aka sabunta kompailar da kuke gini da ita, ku kwatanta sabo da tsoho, kuma duk "akwai" da ta koma "babu" a tsaya a nemo dalilinta kafin a haɗe gyaran. Kafin kowace fitowa kuma, mutum na biyu, ba wanda ya ɗaure ƙunshin ba, ya kwance shi ya kwatanta da abin da ke cikin git fayil bayan fayil.