Amsa: Imperial stout da Guinness ɗinmu ɗaya ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko imperial stout da ka gani a Landan ita ce Guinness ta Najeriya. Dangi ne, duka baƙar giya ce, amma ba ɗaya ba. Ita imperial a Ingila aka fara yin ta a ƙarni na 18, ana kai wa fadar Rasha. Ƙarfinta yakan kai kashi 8 zuwa 12, tamu kuwa 7.5 ce, kuma da dawa a cikinta.

Baƙin nata daga sha'ir ne da aka soya sosai. Kada ka sha ta da sanyi ƙarara, ɗanɗanon ɓuya yake yi. Bari sanyin ya ragu, sai ka ji ɗacin kofi da cakulan, ga kauri a harshe. Mai kyau ba ta cika warin ƙauri ba. Ƙaramin kofi ɗaya ya ishe ka, tana kayar da ƙato.