Dookie ba shi ne kundin farko na Green Day ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Dookie ne kundin waƙoƙi na farko na Green Day, ƙungiyar mawaƙan rock ta Amurka. A'a, na uku ne. Jama'a na ruɗewa ne don shi ya fito da su a idon duniya a 1994.

Na farkon shi ne 39/Smooth, wanda ƙaramin kamfanin Lookout! Records na Kalifoniya ya fitar a 1990, lokacin Billie Joe Armstrong, jagoran mawaƙan ƙungiyar, na ɗan shekara 18. Waƙoƙi goma ne masu sauri, jita sai ƙara take, sautin ɗanye shakaf, ni dai hakan ya fi min daɗi. Kuma John Kiffmeyer ne makaɗin ganga, ba Tré Cool da ya gaje shi ba.

In za ka nema, duba 1,039/Smoothed Out Slappy Hours, a wannan kundin aka haɗa shi da wasu waƙoƙinsu a 1991.