Amsa ga mai tambaya kan kalmar "get" da 'yan uwanta

Ɗan'uwa, ka ce ka haddace cewa "get" tana nufin samu, amma kullum sai ka ci karo da ita a inda samu ba ta shiga, har ka fara zargin ƙamus ɗinka. Ƙamus ɗinka lafiyarsa ƙalau. Ni ma na daɗe a wannan ramin. Littafi guda na cika da kalmomi, Turanci a hagu Hausa a dama, amma da an yi mini magana sai in yi zuru.

Wani baƙo mai koyon Hausa ne ya buɗe mini ido. Ya tambaye ni ma'anar ci, na ce ai sa abinci a baki ne a haɗiye. Sai ya ce to yaron da aka ce ya ci jarrabawa, haɗiye takardar ya yi? Na shiga lissafi: cin amana, cin bashi, cin mutunci, cin zaɓe, ci gaba, wuta ta ci gida. Ba mu taɓa ruɗewa ba, don ba ci ɗin muke saurara ba, abin da ya biyo bayanta muke ji. To "get" ita ce ci ta Turawa.

Saboda haka ka riƙa duban maƙwabciyarta. In sunan abu ya biyo, nan ne take samu ko karɓa: "I got a letter", na sami wasiƙa. In siffa ce ta biyo, ma'anar ta koma zama ko shiga wani hali: "I got tired", na gaji, "it is getting dark", duhu ya fara yi. In wuri ne, isa ke nan: "we got home late", mun isa gida a makare. Wanda ya ce maka "I get it" kuwa ba abin da ya shiga hannunsa, cewa yake ya gane. Inda aikin yake shi ne 'yan ƙananan kalmomin da ke manne mata: "get up" tashi, "get on" hawa bas ko jirgi, "get off" sauka, "get over" warkewa daga ciwo ko baƙin ciki, "get along" zaman lafiya da mutum. Waɗannan ba a fassara su gutsi-gutsi, a dunƙule ake riƙe su, kamar yadda ba ka raba ci da gaba.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. A babban ƙamus na Oxford, bugun 1989, kalmar "set" tana da ma'ana 430 a matsayin aikatau, da aka sake bitar "run" a 2011 kuwa aka lissafa mata 645. Gajerun kalmomin nan tsofaffi ne, sun daɗe a bakin mutane suna tara ma'ana. "Get" da "take" daga harshen mutanen arewacin Turai da suka zauna a Ingila suka shigo. Dogaye irin su "obtain" da "receive" ta hanyar Faransanci suka zo, bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. Shi ya sa har yau dogayen suka fi zama a takardar ofis, gajerun a hira. Abin dariyar shi ne dogayen sun fi sauƙin koyo, ma'anarsu ba ta yawo. Mu kuma su muke bi da hadda don a ce mun iya.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi ba ni kunya: inda Hausa ke da kalma ɗaya, Turanci ya raba ta biyu ko fiye. Muna cewa ara mini, muna cewa na ara, tushen ɗaya ne. Su kuwa mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa "borrow". Na yi shekaru ina cewa "borrow me your pen" ba wanda ya gyara mini, alhali "lend me your pen" ne, ko "can I borrow your pen". Ji ma haka: sauti "hear", wari ko ƙamshi "smell", ɗanɗano "taste", zafi da sanyi "feel", fahimta "understand". Sha kuma abu mai ruwa-ruwa kaɗai ke karɓar "drink", magani "take" ake yi masa, taba "smoke". Yi ta rabu gida biyu: "do" na tafiya da aiki, "make" da abin da aka samar, amma kuskure "make a mistake" ne, kada ka tambaye ni dalili, haka suka gada.

Wadda ba na mantawa ita ce "sorry". Wani Bature da muka yi aiki tare ya yi tuntuɓe, na yi maza na ce "sorry", ina nufin sannu. Ya juyo da mamaki ya ce ai ba laifina ba ne. A kunnensa haƙuri na bayar, kamar ni na sa masa ƙafa. Abin da suke faɗa a nan shi ne "are you okay". Suna amfani da "sorry" wajen jaje, amma sukan cika ta: "I'm sorry to hear that". Haka "I'm coming" da muke cewa muna ficewa, a madadin ina zuwa. Shi zai tsaya yana kallonka, ka ce kana tahowa ga ka kana tafiya. "I'll be right back" ake cewa.

Abin da na koma yi shi ne na daina rubuta kalma tsirara. Duk wadda ta ɗaure mini kai, jimlar da na tsince ta a ciki nake kwafewa gaba ɗaya, in ƙirƙiro tawa guda biyu a ƙasa, in faɗe su da baki. Ka kuma nemi ƙamus na Turanci zuwa Turanci wanda aka yi don masu koyo, ka fi ba misalan muhimmanci a kan bayanin.

Sai ƙarshen tambayarka, ko "gotten", wata siga ta "get", kuskure ce. Ba kuskure ba ce. Mutanen Amurka na cewa "it has gotten worse", na Ingila su ce "it has got worse". In jarrabawa za ka rubuta, ka duba wane tsari suke bi ka tsaya a kansa.