Tambaya da Amsa: Ganuwa ce, Tunga ce, ko Garkuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar Turanci ce a wata sakandare da ke Agege, kuma da yamma nakan taimaka wa wata ƙungiyar mata wajen mayar da labaran jaridu zuwa Hausa. Nakan ci karo da kalmar "bastion" a inda babu yaƙi babu soja, kamar a ce kotu ce "last bastion" ta talaka, ko a ce wata sana'a ce "last bastion" ta maza. Ƙamus ya ba ni ganuwa da sansanin tsaro. Shin ganuwa zan riƙa sawa ko'ina?
Daga wata malama, Agege, Legas.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, sai dai ya ba ki ginin ne kawai, bai gaya miki abin da marubutan yau suke yi da shi ba.

Turanci ya aro wannan kalma daga Faransanci a ƙarni na 16, shi kuma Faransanci ya samo ta daga Italiyanci, inda tushenta ke nufin gini. Asalinta ba ganuwa gaba ɗayanta ba ce, wani ɓangare ne mai kusurwa kamar tsinin mashi da ke turowa waje daga jikin ganuwa. Maginan Italiya ne suka yaɗa wannan fasali bayan da igwa ta fara rushe dogayen katangun da aka saba da su, sai suka koma gina katanga gajera mai kauri, suna fitar da waɗannan kusurwoyi domin masu tsaro su iya harbin duk wanda ya raɓo gindin ganuwa ta gefe. Ke nan wuri ne da ake tsayawa a yi turjiya yayin da maƙiyi ya riga ya iso bakin gari.

Wannan hoton ne marubucin zamani yake arowa. Idan ya kira wani abu "bastion", yana nufin an kewaye abin, ana kai masa hari, kuma har yanzu bai faɗi ba. Idan ya ƙara da "last", to yana cewa sauran duk sun faɗi. Abin da ke rikita mai fassara shi ne kalmar ba ta bayyana ɓangaren da marubucin yake. Misalanki biyu sun nuna haka sarai. Wanda ya ce kotu ce ta rage wa talaka yabonta yake yi, yana fatan ta dore. Wanda ya faɗi haka game da sana'ar da maza suka kankane, galibi suka yake yi, yana jiran ranar da mata za su kutsa ciki. Turanci ya yi ayyukan biyu da kalma ɗaya, mu kuwa muna da kalma ga kowane aiki.

Ganuwa a kunnen Bahaushe abin alheri ce. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar birnin, kuma ko bayan da Turawa suka keta ta a 1903 ba ta daina zama abin alfaharin Kanawa ba. Ganuwa tana kewaye kowa, attajiri da almajiri, shi ya sa ba ta ɗaukar zargi. In kika rubuta cewa wata sana'a ita ce ganuwar maza ta ƙarshe, mai karatu zai ɗauka kina tausaya wa mazan ne, alhali marubucin asali akasin haka yake nufi. A nan tunga ta fi dacewa, domin muna cewa wane ya ja tunga idan ya kafe a wuri ya ƙi gusawa, sai ki ce sana'ar ce wurin ƙarshe da maza suka ja tunga. Amma ki lura da cewa shekarun nan labaran rediyo sun cika kunnuwa da "tungar 'yan bindiga", har kalmar ta fara ɗaukar warin daji, don haka ban so a jingina ta ga makaranta ko majalisar malamai.

Game da kotu, ni garkuwa nake zaɓa a kan ganuwa, saboda garkuwa mutum ɗaya take karewa, kuma talakan da ya shiga kotu shi kaɗai yake shiga. Masarautunmu ma sun daɗe da yin wannan aron, tun da suna naɗa sarautar Garkuwa. "Kotu ce garkuwar da ta rage wa talaka" ta isar da saƙon ba tare da kin ƙara komai ba.

Akwai kuma ribaɗi, wanda a tarihinmu shi ya fi kusa da ma'anar asali: gari mai tsaro da ake kafawa a bakin iyaka, kamar Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har rasuwarsa a 1837. Kalma ce mai nauyin addini, kuma matasa da yawa ba su san ta ba, saboda haka a bar ta ga rubutun tarihi.

'Yar'uwarta "stronghold" ita ce za ki fi gani a shafukan siyasa, kuma mu mazauna Legas mun ga iyakarta da idonmu. Shekara da shekaru jaridu suna kiran jihar nan da wannan suna idan ana maganar Bola Tinubu, sai ga shi a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 Peter Obi ya samu ƙuri'a 582,454 a Legas, Tinubu ya samu 572,606. Washegarin sanarwar na tsaya wurin mai jarida a Obalende, inda mutane kan yi cirko-cirko suna karanta kanun labarai kyauta, na ji wani dattijo mai sayar da goro yana bayyana wa abokinsa abin da ya faru da kalmomi biyar: "An ci shi har gida." Ban taɓa ganin fassarar da ta fi wannan ba, domin ta ɗauko mamakin da ke cikin labarin, ba ta kuma mayar da masu jefa ƙuri'a tubalin katanga ba. Idan babu batun kaye, "inda ya fi ƙarfi" ko "inda ya fi magoya baya" ya wadatar.

Ita kuwa "citadel of learning" da ake rubutawa a ƙofofin makarantu daga Agege har Idi-Araba, ta daɗe da rasa hoton yaƙin da ke cikinta, ado kawai ta zama, don haka "cibiyar ilimi" ta ishe ta.

Idan kin zauna da matan ƙungiyarku, ki karanta jimlar da ke gaban kalmar da wadda ke bayanta, ki gano ko marubucin yana cikin garin ne yana tsaro, ko yana waje yana jiran a buɗe ƙofa. Na cikin gari ki ba shi garkuwa ko ganuwa, na waje ki ba shi tunga. Allah ya ƙara basira, Malama.