Me ya sa aka ja jan biro a kan "advices"?

Tambaya: Malam, ina aji uku na babbar sakandare, muna shirin WAEC. Na haddace rabe-raben suna na Turanci tsaf, amma a insha'in da na rubuta malaminmu ya soke mini advices da informations. To ai shawarwari da bayanai jam'i ne. Ina kuskurena? Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: 'Yata, malaminki yana da gaskiya, amma ke ma ba sakaci kika yi ba. Da Hausa kika yi tunani, Hausa kuwa ta yarda a ce shawarwari. Turanci ne bai yarda ba.

Rabe-raben da kika haddace ba nauyinsu ɗaya ba. Sunan yanka, irin su Kano, Monday da English, abin da yake nema a wurinki shi ne babban baƙi a farkonsa, shi ke nan. Bambancin abin da ake gani ko taɓawa, kamar table, da wanda sai dai a ji shi a rai, kamar honesty, da wuya ya ɓata miki jimla. Inda gizo ke saƙa shi ne rabon ƙirgau da ƙi-ƙirgau, wato sunan da ake ƙirgawa da wanda ba a ƙirgawa. A ganina da shi ya kamata a fara koyarwa, don shi ne ke cinye makin ɗalibai.

Mu ma muna da wannan rabon. Ba ki taɓa zuwa kasuwa kin ce a ba ki gero uku ba. Mudu uku za ki ce, ko tiya, ko buhu. Haka Bature yake yi da rice da bread: a bag of rice, two loaves of bread. Matsalar ita ce ya zuba wasu kalmomi cikin wannan buhu waɗanda mu muke ƙirga su. Advice, information, furniture, luggage, equipment, duk a wurinsa tamkar gero suke. Ba a liƙa musu s, ba a sa musu a ko an, kuma much suke ɗauka, ba many ba. In kina son ki ware guda ɗaya, sai ki nemo mudunsa: a piece of advice, two pieces of furniture.

Kada ki bari harafin s ya ruɗe ki. News yana ƙarewa da shi, mu kuma labarai muke cewa, amma tilo ne: the news is good. Police da cattle ba su da s, ga shi kuwa jam'i ne, don haka the police are coming ake cewa, kuma babu wata kalma cattles. Wando da almakashi guda-guda ne a wurinmu, amma trousers da scissors kullum jam'i ne, sai an ce a pair of trousers. Na sha ganin ɗalibi mai ƙoƙari ya rubuta my trouser is new, abin yana ba ni takaici, don ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa.

Wasu kalmomin kuma baki biyu gare su. Paper takarda ce da ba a ƙirgawa, a paper kuwa jarida ce ko takardar jarrabawa. Glass gilashi ne, a glass kuma kofin gilashi.

Sunan tattarau, irin su team da committee, mutanen Ingila sukan haɗa shi da is ko are, gwargwadon ko ƙungiyar suke nufi ko mutanen cikinta. Amurkawa sun fi tsayawa a kan is. Wanda duk kika ɗauka, ki riƙe shi har ƙarshen jimlar.

Ga aikin da zan ba ki. Ƙamusun masu koyon Turanci, irin na Oxford da Longman, suna sa harafin C a gaban ƙirgau, U a gaban ƙi-ƙirgau. Duk sabon sunan da kika ci karo da shi, ki duba wannan harafin kafin ma ki karanta ma'anar. Daren yau ki fara da homework, evidence da traffic, sannan ki sake rubuta insha'in nan ki kai wa malaminki.