Amsa ga Malama Kan Abin da Ɗalibai Za Su Yi Bayan Sun Gama Littafi

Assalamu alaikum, malamai. Malama, na saurari tambayarki game da aikin da za a ba ɗalibai bayan kowa ya zaɓi ƙagaggen labarinsa ya karanta shi kaɗai, amma a fahimtata ainihin damuwarki ita ce yadda za ki tabbatar sun karanta ba tare da kin sa sun tsani karatun ba, kuma a kan wannan zan yi magana.

Don Allah a raba mu da taƙaitawa. Yaron da aka ce ya taƙaita littafi zai juya bayan bango ya kwafe abin da mawallafa suka rubuta, ko ya nemo a intanet, ya kawo miki shafi guda tsaf, ki ba shi maki alhali bai wuce babi na farko ba. Na taɓa aiki ƙarƙashin wani shugaban makaranta wanda ba ya yarda an yi karatu sai ya ga taƙaitawa da jan biro a ƙasanta, har ta kai yaran da suka fi son karatu suka koma zaɓen littattafai marasa kauri don aikin ya yi musu sauƙi, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Tun a 1938 Louise Rosenblatt, wata malamar adabi a Amurka, ta bayyana cewa ma'anar labari tana samuwa ne a haɗuwar mai karatu da rubutun. Saboda haka aikin da ya dace shi ne wanda zai nemi ra'ayin yaro tare da hujja daga cikin littafin.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne kotu. Ɗalibi zai ɗauki tauraro ɗaya daga littafinsa, ya zaɓi ko shi mai gabatar da ƙara ne ko mai kare shi, ya kawo hujjoji uku da lambar shafin kowace, sauran 'yan aji kuma su zauna a matsayin alƙalai su yi masa tambayoyi. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta taɓa tsayawa tana kare wani tauraro da ya ci amanar amininsa, littafin nata cike da guntayen takardu da ta soke a tsakanin shafuka. Wani yaro ya ce mata ƙarya ne, mutumin mugu ne kawai, sai ta buɗe ta karanto wurin da aka nuna tsoron da yake ciki kafin ya aikata, aji ya yi tsit, kuma daga ranar aka shiga layin aron littafin. Wanda bai karanta ba, tambaya ta biyu take kayar da shi, ba sai kin yi bincike ba.

Kada a ɗauka ina cewa a daina rubutu. Nancie Atwell, wata malamar makaranta a Amurka, ta yi suna a 1987 da tsarin musayar wasiƙu tsakaninta da ɗalibanta kan abin da suke karantawa, kuma yana aiki matuƙar za ki amsa kamar mai karatu, ki bar gyaran nahawu zuwa wani darasin. Ana iya sa yaro ya sake rubuta wani babi ta bakin ƙaramin tauraron da marubuci bai ba shi dama ba, ko ya sauya ƙarshen labarin. Idan kuma wasu sun zaɓi littafi ɗaya, a haɗa su rukunin tattaunawa irin wanda Harvey Daniels, wani masanin koyarwa a Amurka, ya yaɗa a 1994, inda wani yake kawo tambayoyi, wani yake zaɓo sakin layi, ko da yake shi kansa daga baya ya yi gargaɗi kada takardun rabon aikin su danne hirar.

Zanen sabon bango da taswirar wuraren labari suna da daɗi, sai dai ana iya yin su ba a karanta ba, don haka ki nemi jimla biyu da ke bayyana dalilin kowane zaɓi. Batun sa yara su haɗa bidiyo a kan littafin kuwa na bar shi, domin lokacin yakan ƙare a gyaran hoto.

Kuma Malama, ba kowane littafi ne za a ɗora wa aiki ba. Cikin uku ki nemi aiki a kan ɗaya, yaron ya zaɓa da kansa, sauran biyun ya gaya miki da baki inda ya tsaya da abin da yake tsammanin zai faru gaba.