Ma'anar "put off" a Turanci

Malam, ka tambaya ko "put off" na nufin kashe fitila ko fanka. Wannan an fi jin sa a Turancinmu na Najeriya; galibi Bature "turn off" ko "switch off" zai ce.

Ainihin ma'anarsa ɗage abu zuwa wani lokaci. Idan an ce "they put off the wedding", ɗaga bikin aka yi, ba a fasa ba. Fasawa kuwa "call off" ce. Wani abokina ya taɓa rubuta wa dillali "call off" yana nufin a jinkirta, washegari ya tarar an sayar wa wani da kayan.

Akwai kuma ma'anar abu ya fita ranka: ka ga ƙuda cikin miya, ka ture kwanon, sai ka ce "it put me off". Ka lura, "put it off" ake cewa, ba "put off it" ba.